Yadda ake cire fumfuna daga idon tsohuwar kyamara

A ƙasan akwatin ƙarfe na kawuna, a gidanmu na Aboabo a Kumasi, na tarar da ita. An naɗe ta a tsohon zane, an saka ta cikin jakarta ta fata, an jibga mata kayan sallah na shekaru a kai. Zenit ce ta zamanin Tarayyar Sobiyet, da idonta Helios 44-2, kawu ya saye ta a hannun wani da ya dawo daga karatu a can. Jikinta fes, ko ƙwarzane babu. Da na kwance idon na haska shi da tocilar waya, sai na ga kamar gizo-gizo ya shiga ciki ya yi saƙa.

Mu a zango abin da muke ƙauna shi muke ɓoyewa: mu naɗe, mu rufe, mu tura ƙarƙashin gado. Zinare ba ya damuwa da haka. Idon kyamara kuwa, wanda masu hoto ke kira lens, wannan ɓoyon shi ne ciwonsa. Tun daga wancan idon na kawu na buɗe wasu da dama, na gyara, na kuma ɓata, kuma yawancin ɓarnar da na gani hannun mai gyara ne ya yi ta, ba fumfunar ba.

Me ke kawo ta

Fumfuna dai ita ce wadda ka sani, ta jikin burodin da ya kwana uku da ta takalmin fata a damina. Irinta na yawo a iska ko'ina, kuma babu idon da ba shi da shi a ciki, domin duk lokacin da ka murɗa saiti, wato zoben daidaita nesa da kusa, gangar idon tana shaƙar iska tana fitarwa. Abin da irin ke jira shi ne danshi, duhu, ɗumi, da iskar da ba ta motsi. Idan danshin iska ya haura kashi 70 cikin 100 ya zauna haka na 'yan kwanaki, sai ya tsiro. Abincinsa ƙura ce, da maiƙon yatsa, da tururin giris ɗin da ke cikin gangar.

To ka duba Kumasi. Damina biyu muke yi, babbar daga wajen Maris zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba, kuma da asuba danshi kan wuce wancan mizanin a mafi yawan watannin shekara. Sai hunturu ya shigo a Disamba kaya ke samun bushewa. Mutumin Kano ko Yamai zai iya jefa kyamara a durowa shekara goma ya same ta lafiya. A nan, ko a Nima da Mamobi da ke shan iskar teku a Accra, damina ɗaya ta isa.

Abin da ya sa ba a jinkiri shi ne fumfuna tana fitar da wani ruwa mai tsami da ke cin shafen gilashi. Shafen nan shi ne launin shuɗi-shuɗi ko ja-ja da kake gani idan ka karkata ido a haske. Kamfanin Zeiss ne ya fito da dabararsa a 1935, kuma aikinsa hana haske yin tsalle-tsalle tsakanin gilasai. Sirantarsa ta wuce misali. Idan tsamin ya cinye shi ya kai ga gilashin, ko ka wanke fumfunar tas sawunta na nan har abada.

Ka fara tabbatarwa ita ce

Cire murfin gaba da na baya, ka buɗe ƙofar haske, wato ramin tsakiyar ido da ake faɗaɗawa ko a tsuke, iyakarta. Shiga ɗaki mai duhu, ka haska tocila ta baya a karkace, kai kuma ka leƙa ta gaba, sannan ka juya. Kada ka firgita da abin da za ka gani, tocila tana tona asirin ko da sabon ido ne.

Ɗigo-ɗigo warwatse masu ƙyalli ƙura ce, ba ta taɓa hoto, ka ƙyale ta. Fumfuna zare take yi, mai rassa kamar saiwar ciyawa, galibi ta faro daga gefe ta nufo tsakiya, wani lokaci kuma ta yi dunƙule fari kamar auduga. Idan ka ga gilashi ya yi dishi-dishi bai-ɗaya kamar sararin hunturu, wannan hazo ne, tururin tsohon giris da ya kwanta a kai, kuma yakan wanku cikin sauƙi. Akwai na huɗu mai yaudara: launin bakan gizo ko wani abu kamar ɗigon mai a gefen gilashi. Wannan gilasai biyu ne da aka manne tun a masana'anta suka fara rabuwa. A da ana manne su da ƙaron wata bishiya ta ƙasar Kanada, kuma ƙaron kan saki idan ya tsufa. Ba aikin gida ba ne, haka nan idan fumfunar cikin wannan mannen ta shiga. Ƙananan kumfa a cikin naman gilashi kuwa da su aka haife shi, ba aibi ba ne.

Wasu idanun, kamar Super-Takumar 50mm f/1.4 na Pentax, sukan rine su koma ruwan shayi. Ba datti ba ne, sinadarin toriyom ne da aka zuba a ɗaya daga cikin gilasansa. Hasken rana na makonni yana rage rinin. Irin wannan gilashi kada ka kuskura ka kankare shi ko ka fasa shi.

Sai ka gano a wace fuska fumfunar take. Riƙe idon kana karkata shi a hankali: abin da ke kusa da kai da wanda ke can ciki ba sa motsi tare. Ka rufe ƙofar haske ka sake leƙawa, nan za ka san ko a gabanta take ko a bayanta. Wannan ne zai gaya maka ta ina za ka shiga, don babu dalilin kwance baya alhali ciwon yana gaba.

Yanzu tambayar da mutane ba sa son ji: ya cancanci a buɗe? Idan zare biyu ne a can gefe, ɗauki hoto ka gani, da wuya ka ga bambanci. Irin wannan ka busar da shi, ka ajiye shi a wuri mai kyau, ka riƙa dubawa duk wata. Idan idon mai zuƙowa ne, ko na zamani mai saita kansa da injin a ciki, ka kai wa gwani, akwai siraran wayoyi da gilasai masu tafiya waɗanda ba sa komawa daidai sai da na'ura. Haka tsofaffin idanun Leica na shekarun 1940 da 1950, shafensu na ciki laushi gare shi, auduga ma tana iya share shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya dace da mai koyo shi ne ido mai tsayi ɗaya, na hannu, kamar 50mm na Pentax K1000 ko Minolta ko Yashica, ko Helios irin na kawu. In da hali ka nemi mataccen ido a wajen masu kayan gwanjo ka fara koyo a kansa.

Kayan aiki

Sufanar ido ita ce ta farko: ƙarafa biyu a tsaye da ake matsowa ko a buɗa, bakinsu na shiga ƙananan tsagogi biyu da ke jikin zoben da ya riƙe gilashi. Na san masu amfani da almakashi ko kamfas ɗin 'yan makaranta. Ni ma na yi, kuma ƙwarzanen da ke fuskar wani ido nawa har yau shaida ne. In ba ka samu ta saye ba, maƙeri a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, zai iya yanko maka farantin ƙarfe daidai faɗin zoben, ya fi almakashi sau goma.

Sai robar murɗa zoben suna, wato zoben gaba mai rubutu, wanda sau da yawa ba shi da tsaga. Robar ƙafar kujera ko murfin kwalba da aka naɗa wa robar tayar keke yana yi, muddin bakinsa na zaune a kan zoben ne kawai, bai taɓa gilashi ba.

Sukudireba kuma a kula. Sukurorin kayan Japan masu kan gicciye ba Phillips ba ne, nasu ma'aunin daban ne, ana ce masa JIS. Ta Phillips tana shiga amma ba ta zama, da ka matsa sai ta zame ta cinye kan sukurun. Masu gyaran waya a Adum sun san wannan, kuma a wajensu za ka samu sifirit mai kyau, wanda aka rubuta isopropyl kashi 99 a kwalbarsa. Sifirit mai launi na kemis yana barin dabbare.

A kemis ka sayi haidirojin na wanke ciwo, wato hydrogen peroxide. Idan mai kashi 3 ne shi ke nan, idan mai kashi 6 ne ka sirka shi da ruwa rabi da rabi. Ka nemi amoniya ta goge-gogen gida in akwai, in babu haidirojin kaɗai yana aiki, sai dai ya fi jinkiri. Ruwan ɗauraya ya zama tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota. Ka faɗa wa mai shago ruwan kake so, ba asid ba, ka kuma karanta jikin galan da kanka. Ruwan leda da na famfo suna barin farin tabo idan sun bushe.

Sauran ƙanana ne: robar hura iska, tsinken auduga na kunne da yawa, takardar goge gilashin ido, safar hannu ta roba marar hoda, hantsaki, fensir, sabulun ruwa na wanke kwano, ƙananan kofunan roba, da kwandon ƙwai na takarda don jera abin da ka ciro bi da bi.

Wurin aiki: rufe taga, kashe fanka, goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma don ƙura ta kwanta. Shimfiɗa farin tawul a kan babban faranti mai baki, don abin da ya faɗi ya tsaya a ciki. Kada a kunna turaren wuta a ɗakin ranar, hayaƙinsa yana kwanciya a gilashi. Ka zaɓi lokacin da yara suna makaranta.

Buɗewa

Kafin ka taɓa komai, murɗa saiti zuwa nesa iyaka, ka ɗauki hoton idon ta kowane gefe da wayarka. Daga nan duk abin da ka cire, hoto kafin, hoto bayan. Kada ka yarda da ƙwaƙwalwarka, bayan awa biyu duk zobban kama suke maka.

Ɗora robar a kan zoben suna, danna, ka murɗa hagu. Idan ya ƙi, duba bakin gangar ko ya taɓa buguwa ya lotsa, don lotsattsen baki ba ya barin zobe ya fita sai an miƙe shi. Idan lafiya yake, ɗiga sifirit kaɗan a zaren murɗin, jira minti biyar, sake gwadawa. Wani dattijo mai gyaran agogo a unguwarmu ya taɓa ganina ina kokawa da irin wannan zobe, jijiyar wuya ta tashi. Ya ce, "Yaro, ajiye. Wanda ya ɗaura shi ba da ƙarfi ya ɗaura ba." Na ce, "Baba, ya ƙi ne." Ya karɓa, ya ɗiga sifirit, ya ci gaba da shan kokonsa. Da ya gama ya murɗa da yatsa biyu ya miƙo mini.

A ƙarƙashin zoben suna za ka ga ko dai ƙananan sukurori uku, ko wani zobe mai tsaga biyu. A yawancin idanun 50mm rukunin gilasan gaba gaba ɗaya yana fitowa a dunƙule, kuma hakan ya fi, don kana iya kai wa ga fuskar da ke kallon ƙofar haske ba tare da ka raba su ba. Idan za ka sa sufana, daidaita bakinta da tsagogin tukuna, ɗaure ta, ajiye idon a kan tebur, ka danna ƙasa sosai kafin ka murɗa. Zamewa daga rashin dannawa take zuwa. Wasu zobban an ɗiga musu jan ko baƙin fenti don kada su kwance, shi ma sifirit ke narkar da shi.

Helios 44-2 yana da sauƙin hali. Idan ka riƙe gindinsa da hannu ɗaya ka murɗa gabansa hagu, duk ɓangaren gilasan yana kwancewa daga ɓangaren saiti. A tsakaninsu akwai siririn zoben ƙarfe. Kada ka raina shi, shi ke sa idon ya ga nesa daidai, kuma kaurinsa na wannan idon ne shi kaɗai. Gilasai shida ne a ciki, a rukuni huɗu: ɗaya a gaba, mannannun biyu, ƙofar haske, wasu mannannun biyu, sai ɗaya a baya.

Idan ka cire zoben da ya riƙe gilashi, kada ka zaƙulo shi da ƙarfe. Rufe bakin da tafin hannunka mai safa, ka kifa, zai faɗo. Nan take, kafin ka yi wani abu, ɗauki fensir ka zana kibiya a kaurin gefensa, inda ba a goge ba, tana nuna gaba. Wannan mataki shi ne wanda na tsallake a idon kawu. Gilashin baya na mayar a juye, hoto ya fito tsakiya garau, gefe kuwa kamar an shafa man kaɗanya. Kwana biyu ina zargin fumfuna kafin na gane laifina ne. Duk zoben tazara, wato mai raba gilashi da gilashi, da ya biyo gilashi shi ma yana da gaba da baya, ka ajiye su tare a rami ɗaya na kwandon ƙwai.

Abu biyu ka bar su in ba dole ba. Na farko zaren saiti, wanda ke tura gilasai gaba da baya. Yana da mashiga da yawa, idan ya rabu ba ka yi alamar inda ya rabu ba, za ka iya kwana kana gwadawa. Na biyu zoben ƙofar haske. A ƙarƙashinsa, a idanun da ke yin ƙas-ƙas, akwai ɗan ƙwallon boris da bai kai ƙwayar gero ba, zaune a kan sifirin. Da ka ɗaga zoben zai yi tsalle, kuma ba za ka sake ganinsa ba. In dole ne, ka cire shi da hannayenka a cikin farar leda.

Wankin

Ga inda ake garin neman gira a rasa ido. Mutum ya ga zaren fumfuna sai ya kama gogewa da ƙarfi da bakin riga. Ƙurar da ke kan gilashi akwai yashi a cikinta, kuma yashi ya fi shafen tauri. Don haka farko hurawa, ba da baki ba, da robar iska, har sai babu wani abu da ke zaune a sake.

Zuba haidirojin da amoniya daidai wa daida a kofin roba, abin da zai rufe gilashi ɗaya kawai. Nan ka buɗe taga, warin amoniya yana hawa kai. Ka haɗa wanda za ka yi aiki da shi yanzu, kada ka zuba haɗin a kwalba ka toshe, yana fitar da iska. Kuma kada amoniya ta kusanci bilic, wanda a nan muke kira parazon, haɗuwarsu tana ba da hayaƙi mai guba da ke iya kai mutum asibiti.

Shimfiɗa 'yar takarda a gindin kofin, ka kwantar da gilashin a kai. Za ka ga ƙananan kumfa na tasowa daga inda fumfunar take. Ba shi minti biyu zuwa biyar. Ciro shi, ka ɗauki jiƙaƙƙen tsinken auduga ka mirgina shi a kai, mirginawa ba gogewa ba, nauyin tsinken kaɗai ya isa. Mirgine ɗaya, jefar, ɗauki sabo. Idan akwai saura, mayar da shi cikin ruwan, kada ka ƙara ƙarfin hannu. Ruwan ne ke aikin.

Mannannun gilasai ba a tsoma su. Ruwa zai bi gefe ya shiga cikin ƙaron ya jawo rabuwar da muka ambata. Su sai dai ka jiƙa auduga ka ɗora a fuskar, ka kiyaye gefen. Haka gilashin da aka shafa wa baƙin fenti a kaurinsa: jiƙo mai tsawo yana ɓare fentin, kuma fentin ne ke hana haske yawo a ciki. In ya ɓare kaɗan, cike gurbin da baƙar maka bayan ya bushe.

Daga nan ɗigon sabulun kwano a ruwa mai ɗumi kaɗan, ba mai zafi ba, don tsohon gilashi yana iya tsagewa idan zafi ya sauya masa farat ɗaya. Ɗauraye da tataccen ruwa, riƙe shi ta gefe, ka hure ɗigon ruwan da robar iska. Na ƙarshe sifirit: ninka takardar gogewa, ɗiga ɗigo ɗaya a kanta, ba a kan gilashin ba, ka fara daga tsakiya kana kewayawa zuwa gefe, sau ɗaya. Sabuwar takarda, sake. Sau uku ko huɗu yakan isa.

Yanzu haska tocila. Idan ya fito garau, alhamdu lillahi. Idan kana ganin sawun rassan kamar zane a jikin shafen, amma ba ya motsi ko ka sake jiƙawa, to tsamin ya riga ya ci. Tsaya nan. Akwai masu ba da shawarar man goge baki ko man goge ƙarfe. Waɗannan kankara suke yi, za su cire sawun tare da shafen, wani lokaci har su sauya lanƙwasar gilashin. Ido mai sawu yana ɗaukar hoto mai kyau, abin da zai rage masa ɗan kaifin launi ne idan ka fuskanci rana, kuma hular ido, wato bakin da ake ɗaura masa a gaba don ya yi masa inuwa, tana rage wannan.

Kada ka mayar da wankakken gilashi cikin gangar da ba a wanke ba. Goge mazauninsa da zobban da cikin gangar da sifirit a tsinken auduga, ka bar su su sha iska awa ɗaya. Fukafukan ƙofar haske kuwa sirara ne kamar bawon albasa. In ba mai a jikinsu kada ka taɓa. In akwai, ɗan man laita a tsinke, a shafa a bi kwanciyarsu, a buɗe a rufe har ya bushe. Ba a sa musu mai ko kaɗan, a bushe suke aiki.

Mayarwa da gwaji

Bi hotunanka daga na ƙarshe zuwa na farko. Kafin kowane gilashi ya shiga, hure shi, hure mazauninsa, duba kibiyarka. Ya kamata ya zauna da kansa. Idan ya cije a karkace kada ka danna, kifa shi ya fito ka sake. Wajen ɗaura zobe, fara murɗa shi hagu har ka ji ya faɗa gurbinsa, sannan ka yi dama, haka zaren ba zai hau juna ba. Ɗaurin ya tsaya inda ya tsaya, ƙarin matsi yana iya tsaga bakin gilashi. Girgiza idon kusa da kunne, in ka ji ƙwas-ƙwas akwai zoben da bai zauna ba.

Ƙura ɗaya ko biyu za su shiga, ko me ka yi. Na taɓa buɗe ido sau huɗu saboda ƙwaya ɗaya, kowane buɗi na fitar da ɗaya na shigar da biyu.

Ɗaura shi a kyamara. In kana da ta zamani da adafta, gwajin na minti biyar ne. Nemi abu mai nisa, hasumiyar babban masallaci ko ƙarfen sabis na waya, murɗa saiti zuwa nesa iyaka a buɗe ƙofar haske. In bai fito da kaifi ba, ka manta zoben tazara ko wani rukuni bai shiga ƙarshe ba. Sannan manna jarida a bango ka ɗauka daga gaba sak. Gefe ɗaya garau ɗaya dishi, gilashi ya zauna a karkace. Duk gefuna sun narke, an juya wani.

Inda zai kwana

Jakar fatar nan ta kawu, da kyawunta da komai, na raba ta da kyamarar. Fata da zane suna riƙe danshi, kuma idan ka shinshina tsohuwar jaka ka ji warin rumbu, gidan fumfuna ce. Murafen idon ma a wanke su da sabulu.

Abin da ake nema danshi tsakanin kashi 40 zuwa 50. Ƙasa da 30 kuma giris yana bushewa, roba ta tsattsage. Akwai kabad na lantarki da ake sayarwa don wannan, yana da kyau, amma ga tsada ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Ni robar abinci nake amfani da ita, babba, mai haske, mai murfin da ke da roba a baki yana kamawa gam, irin wadda ake samu a kasuwar Kejetia. A ciki na sa ɗan ma'aunin danshi mai batir da silika, ƙwayoyin nan da ake samu a kwalin sabon takalmi. Ƙananan ƙunshin kwalin takalmi sun riga sun sha sun ƙoshi, ka nemi mai yawa, mai sauya launi: shuɗiya tana komawa ruwan hoda idan ta cika, ruwan lemo kuma takan koma kore. Idan ta sauya, a baza ta a faranti a gasa a oba a zafi kamar digiri 120 na ma'aunin Celsius, na awa ɗaya zuwa biyu, ta huce a rufe, a mayar. A watan Yuni nakan yi haka kusan duk mako biyu, da hunturu kuwa sai in manta da ita. Shinkafa da wasu ke zubawa ba ta ja sosai, kuma garinta abinci ne ga abin da kake gudu.

Robar ta zauna a kan kanta inda haske ke shiga, nesa da bangon da ke tsatsafo da ruwa, ba ƙarƙashin gado ba. Idon da ka san yana da fumfunar da ba ka cire ba, ba shi robarsa daban.

Maganar shanya ido a rana: tana rage ƙarfin fumfuna amma ba ta cire zaren da ya riga ya yi, kuma gilashi yana tare yawancin hasken da ke kashe ta. Idan za ka yi, rana ta safe, minti talatin, kana wurin. Ranar tsaka tana narkar da giris ya gangaro kan fukafukai, kuma ido yana tara rana wuri ɗaya kamar madubin ƙona takarda, zai iya kunna wa labule wuta.

Masu ɗaukar biki su kula da wani abu. Ka fito daga ɗaki ko mota mai sanyin na'ura ka shiga zafin waje, nan take gilashi zai yi gumi, ciki da waje. Kafin ka fito saka kyamarar a jaka ka zuge, ka ba ta minti goma sha biyar ta saba. In ruwan sama ya taɓa ta a wajen suna ko ɗaurin aure, da ka dawo gida goge ta, cire murafe, ta kwana a fili gaban fanka, washegari ta shiga roba.

Helios ɗin kawu yana da sawu a gilashinsa na biyu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya in ka kalle shi kamar agogo. Duk Juma'a bayan an sauko nakan ɗaura shi in zagaya da shi Asawase, in murɗa saitinsa daga kusa zuwa nesa sau da yawa don iska ta sauya a ciki. Ma'aunin da ke robarsa yau da safe yana kan 46.